Darasin shara a firamare: Yadda za a koyar da shi har ya kai ga yara masu buƙata ta musamman

A wannan makon za mu ɗan fita daga shagon magani mu leƙa ajin firamare, kuma abin da ya sa haka shi ne wani lamari da ya faru a gabana a nan Mubi.

Wata rana bayan la'asar wata mata ta shigo shagonmu goye da ɗanta mai kimanin shekara takwas. Yaron yana aji uku, ƙafafunsa sun shanye tun yana ƙarami, don haka idan ya sauka daga kekensa da hannu yake tafiya. Ta ce, "Likita, ki ba ni maganin ciwo, allura ce ta soke shi a hannu." Na ce, "Mama, wace irin allura?" Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da tsohon sirinji, duk ya yi ƙasa. Ashe ƙwallo ce ta faɗa jujin da ke bayan ajinsu, ya bi ta da rarrafe, ya ɗora tafinsa a kan allurar. Muka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, na ce ta wuce babban asibiti a lokacin, domin wannan ba aikin shagon magani ba ne.

Kafin su tafi na tambayi yaron ko an taɓa gaya musu a makaranta cewa akwai sharar da ba a taɓawa. Ya ce ana yin darasin tsafta, amma ranar da za a fita share fili, shi ce masa ake yi ya zauna a aji ya tsare jakunkuna. Na san malamin tausayi ne ya sa ya yi haka. Sai dai tausayin ya sa yaron da hannunsa ya fi na kowa kusa da ƙasa, shi ne bai samu darasin ba.

Wa shara ta fi cutarwa?

Mai karatu, ka duba da kyau za ka ga cewa ƙazantar muhalli ba daidai take taɓa yara ba. Yaron da ke rarrafe yana sa hannu inda wasu ke sa takalmi, daga nan kuma hannun ya koma baki. Yarinyar da ba ta gani da taɓawa take sanin abu, fasasshiyar kwalba kuwa ba ta yin sallama. Yaron da ba ya ji, ko an yi masa tsawa daga nesa an ce ya ajiye abin da ya tsinta, ba zai waiwayo ba. Akwai kuma yara masu jinkirin fahimta ko lalurar galahanga, waɗanda wasunsu ke da ɗabi'ar kai duk abin da suka samu baki har bayan sun wuce shekarun yin hakan. Ga mai asma, wanda hayaƙin ledar da aka cinna wa wuta a bayan taga kan iya tayar masa da ciwo kafin a tashi daga makaranta.

Mu mutanen Mubi ba baƙi ba ne ga illar ƙazanta. A watan Mayun 2018 cutar kwalara ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, aka yi ta kwasar mutane zuwa babban asibiti, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya. Ƙwayar kwalara ta bahaya take fita, ta shiga ruwa ko abinci. Idan leda ta toshe kwata, ruwan sama ya rasa hanya, sai ya kwaso kashin da aka yi a fili da famfas ɗin da aka jefar, ya bi lunguna, ya shiga rijiyoyi marasa murfi, sauran ya gangara kogin Yedzaram. Wanda ya tsaya a gwangwani da tsohuwar taya da toshasshiyar kwata kuma ya zama gidan sauro, domin daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba a lokacin zafi. Ko dabbobi ba su tsira ba. A gari mai babbar kasuwar shanu irin namu, ka tambayi kowane mahauci, zai ba ka labarin dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbin saniya ko akuya.

Abin da doka ta ce

Haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji ɗaya ba alfarma ce ake yi musu ba. Tun a 1994, a taron da hukumar UNESCO ta shirya a birnin Salamanca na ƙasar Sifen, ƙasashe suka amince cewa makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro, ita ce za ta gyara kanta ta dace da shi. A nan gida, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta tanadi cewa makarantun gwamnati su kasance na kowa da kowa, a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan kula da karatun waɗannan yara, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja.

Tsakanin abin da ke takarda da abin da ke cikin aji akwai tafiya mai nisa, wannan kowa ya sani. Malami ɗaya ne, yara sun cika aji maƙil, wani da Fulatanci ya tashi, wani da Gude ko Fali ko Margi, wasu kuma rikici ne ya koro iyayensu daga Madagali ko Gwoza. To amma darasin shara yana da wata fa'ida da sauran darussa ba su da ita: kayan aikinsa kyauta ne, suna nan zube a ƙofar aji. Kuma duk dabarar da malami ya yi domin makaho ko kurma ya gane, za ta taimaki yaron da Hausarsa ko Turancinsa bai nuna ba.

Kwanduna huɗu

A ajiye dogon bayani a allo, a fara da kwanduna huɗu. Tsohon bokiti ko kwali ko jarkar da aka yanke wa kai duk sun isa.

Na farko na abin da ke ruɓewa ne: ɓawon ayaba da na lemo da na gyaɗa, totuwar masara, ganye, ragowar abinci. Na biyu na abin da ake sayarwa ne ko a sake amfani da shi: gorar ruwa, gwangwanin lemo, tsofaffin silifa, kwali. Na uku na leda ne zalla. Na huɗu kuwa na haɗari ne, yana da murfi, yana hannun malami, kuma yaro ba ya sa komai a ciki da hannunsa.

Yadda za a bambanta su shi ne inda aikin yake. Idan da launi kawai aka bambanta, an cire wanda ba ya gani. Idan da rubutu ne kawai, an cire wanda bai iya karatu ba tukuna. Don haka kowane kwando ya samu alama uku: launi, da hoto babba, da abin da hannu zai shafa. Misali a ɗaura wa na farko igiyar rama a baki, na biyu a liƙa masa marafen kwalba a jiki, na uku a ɗaura masa ledar ruwa guda. Sannan a ba kowanne wurin zamansa, kada a riƙa sauya musu wuri, domin makaho da ƙidayar taku yake gane hanya. Kada kuma a ɗora su a kan dakali ko bayan matakala inda mai keke ko mai rarrafe ba zai kai ba.

Kowane yaro da ƙofarsa

Ga yaron da ba ya gani, malami ya tanadi jaka ɗaya ta kayan gwaji waɗanda aka wanke tas, babu kaifi babu tsini. Ya ba shi ya shafa, ya matsa, ya ƙwanƙwasa, ya sansana. Gwangwani yana da ƙararsa, gorar roba tana da tata, leda kuwa ko a cikin duhu an san motsinta. Sai a mayar da abin wasa ga aji duka: a ɗaure wa masu gani ido da ɗankwali, a ga wa zai fi raba kaya daidai. A irin wannan gasa wanda aka saba yi wa jagora shi ke zama gwani, kuma wannan kaɗai yana sauya yadda 'yan ajinsu ke kallonsa.

Ga wanda ba ya ji, a zaunar da shi gaba inda haske ke kan fuskar malami. Kada malam ya juya wa aji baya yana rubutu yana magana, domin duk abin da ya faɗa a lokacin ya wuce yaron. Ya nuna a aikace: ya ɗaga ɓawon ayaba, ya taka zuwa kwandon, ya jefa. Ajin duka su amince da alamar hannu guda ta "haɗari, kar ka taɓa", kowa ya iya ta, yadda ko daga nesa aboki zai iya tsayar da abokinsa.

Ga mai jinkirin fahimta, doka ɗaya a lokaci ɗaya. A wannan makon leda kawai za a koya, sai ta zauna sannan a ƙara wata. A riƙa yi a lokaci guda kullum, misali da an dawo daga tara, domin maimaici ne ke kafa ɗabi'a. A yaba masa nan take idan ya yi daidai, idan ya kuskure a sake nuna masa ba tare da an bari aji ya yi masa dariya ba.

Ga mai lalurar ƙafa, kada a ce ya tsare jakunkuna. Shi ma a fita da shi, a ba shi aiki na gaske: riƙe littafin ƙidaya, duba ko an raba kaya daidai, ko kula da wurin wanke hannu. Kuma a fara shara daga hanyar da yake bi, daga ƙofar makaranta zuwa aji, daga aji zuwa ban ɗaki. Iyayensa su sama masa abin kare tafin hannu, ko da silifa ne.

Gwaji biyu da ba sa cin ko sisi

Na farko: a haƙa ƙananan ramuka huɗu a gefen fili, a binne ɓawon ayaba a ɗaya, takarda a ɗaya, gwangwani a ɗaya, ledar ruwa a ɗaya, a kafa alama, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan wata guda a tone. Ɓawon ya kusa zama ƙasa, takardar ta fara narkewa, ledar kuwa tana nan yadda aka binne ta. Mai gani zai gani, marar gani zai shafa, kurma ba ya buƙatar a yi masa bayani. Daga ranar ba sai an sake gaya musu dalilin da ya sa leda ke toshe kwata ba.

Na biyu lissafi ne. A ce aji yana da yara 60, kowa yana shan ledar ruwa ɗaya a rana. A kwana biyar an tara 300. A zangon karatu na mako 13 sun zama 3,900, daga aji ɗaya tak. A bar yaran su ƙirga nasu da kansu, su ninka da yawan azuzuwan makarantar. Daga nan sai a tambaye su: idan kowa ya zo da gorarsa daga gida, nawa za su rage?

Kwandon haɗari

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, nan ne na fi so mu tsaya. Doka ɗaya ce yaro zai haddace: kar ka taɓa, ka matsa, ka kira babba.

Allura da reza da fasasshiyar kwalba: tsohuwar allura kan iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C, da ƙwayar HIV, sannan raunin da ƙasa ta shiga yana iya jawo tetanus. Idan ta soki yaro a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, kada a tsotsa, kada a matse, a tafi asibiti a ranar. Akwai maganin kariya daga HIV da likita kan bayar idan ya ga akwai buƙata, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa.

Ragowar magani: ƙwaya mai launi a idon yaro alewa ce. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na hawan jini, da na ciwon suga, kaɗan daga cikinsu kan iya halaka ƙaramin yaro. Kada a jefa su juji a cikin katinsu ko kwalbarsu.

Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da kayan wasa da na'urar ƙara ji da wasu yara ke sawa a kunne: idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. A garzaya asibiti, kada a sa yaron amai. Idan ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti 10 a kan hanya, kada a wuce sau shida, kuma kada neman zumar ya jawo jinkiri.

Robar maganin feshi da ta fiya-fiya: a yankin manoma irin namu suna ko'ina da damina. Ko an wanke su ba a zuba ruwan sha ko mai a ciki. Idan yaro ya sha irin wannan guba ko kananzir, a daina ɗura masa manja ko madara, a daina sa masa yatsa a baki don ya yi amai, domin abin zai iya komawa huhu. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa, a ɗauki robar a tafi da ita asibiti.

Baƙon ƙarfe: Mubi ta shiga hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014 kafin a ƙwato ta a watan Nuwamba, kuma yankin Arewa maso Gabas bai gama rabuwa da ragowar abubuwan fashewa ba. A maƙwabciyarmu Borno, Gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar tsintar ƙarafa a 2023 saboda matsalar tsaro da rayukan da ake rasawa a cikinta. Don haka duk malamin da zai gaya wa yara cewa ƙarfe kuɗi ne, wajibi ne ya haɗa da cewa ƙarfen da ba a san shi ba, a gona ko a daji ko a kango, ba a ɗauka, ba a jifa, ba a bugawa.

Bayan an raba, sai ina?

Idan yara suka raba shara da safe, da yamma suka ga an haɗe ta wuri guda an cinna wuta, darasin ya mutu. Abin da ke ruɓewa a zuba shi a rami, a riƙa rufawa da ƙasa da ɗan toka ana yayyafa ruwa, cikin wata biyu zuwa uku ya zama takin da za a sa wa zogale ko bishiyar makaranta. Gora da gwangwani a tara a buhu, malami ko kwamitin iyaye su kira mai jari bola, kuɗin a sayi sabulun wanke hannu, a kuma rubuta lissafin a allo kowa ya gani. Yana da kyau yara su san cewa gwangwanin lemo shi maƙera ke narkarwa su zuba tukwane da ludaya, don su daina raina masu wannan sana'a. Amma kada abin ya zama hanyar tura yaro yawon bola a lokacin karatu.

Leda ce mai wuyar sha'ani, domin masu sayenta ba su da yawa. Ledar ruwa tana yin amfani wajen renon dashen itatuwa, sauran a ɗaure a buhu a kai inda hukuma ta ware. Maganinta na gaskiya shi ne a rage ta tun daga tushe. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas kuma ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Kafin irin wannan ta iso gare mu, kwandon cefane da kwanon awo na iyayenmu suna nan.

Abubuwa uku kuma a kiyaye. Kada tsintar shara ta zama horon wanda ya makara, domin yaro zai tashi yana ganin tsafta wulaƙanci ce. Kada a bar wa 'yan mata tsintsiya maza suna ƙwallo. Kada kuma a tashi daga aikin ba a wanke hannu da sabulu ba, a wurin da kowane yaro zai iya kaiwa. Jarka mai huji da aka rataye ƙasa-ƙasa ta wadatar.

Namu na gida

Uwargida, maigida, allurar da ta soki yaron nan ba daga sama ta faɗo ba, daga wani gida ko wani shago ta fito. A yau ɗin nan a buɗe durowa a fito da magungunan da wa'adinsu ya ƙare. A tambayi shagon magani mai rajista ko asibiti ko suna karɓa. Idan ba a samu ba, a ɓare ƙwayoyin daga katinsu, a cakuɗa da ƙasa ko toka, a ƙulle a leda sannan a zubar inda yaro da dabba ba za su kai ba. Mai yin allurar insulin a gida ya riƙa tara alluransa a jarka mai kauri da murfi, kafin ta cika ya kai asibiti. Idan ɗanku ya dawo ya ce malam ya ce a ware leda daban, kada a gwale shi, a ba shi buhu. A taron iyaye da malamai kuma a yi tambaya: ina ake zubar da sharar makarantar nan, kuma wane aiki ake ba yaranmu masu buƙata ta musamman ranar tsafta?

Bayan wasu makonni matar nan ta dawo sayen wani magani, ta ce an yi wa yaron abin da ya kamata a asibiti, kuma hannun ya warke. Ta ce ta je ta samu malaminsu sun yi magana, yanzu ɗanta ne ke riƙe da littafin ƙidayar leda a ajinsu, har a gida ma ya hana kowa sakat. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.